Dajin da wuta ta raina a gaɓar kogin Misisipi

Yau zan kai ku Amurka, kudu maso yammacin jihar Wiskonsin, inda kogin Misisipi ya ratsa tsakanin tuddai masu tsayi. Labarin daji ne, amma a ganina labarin mutane ne.

Tudu ɗaya a can yana da fuska biyu. Gefen da ke kallon arewa akwai sanyi da laima, bishiyoyi sun haɗe kai, ƙarƙashinsu inuwa ce. Gefen da ke kallon kudu kuwa rana na dukansa, ƙasar ba kauri, sai dogayen ciyayi da furanni, da bishiyoyin oak jefi-jefi, kowace ta baje rassanta son ranta. Wani wurin don tsabar gangare mutanen yankin na ce masa makiyayar awaki.

To me ya hana wannan fili ya zama kurmi, alhali ruwan sama ya isa? Wuta. Mutanen Ho-Chunk da sauran 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna sa wa dajin wuta, ciyawa ta sake tohowa, farauta ta yi sauƙi. Wani nau'in oak yana da ɓawo mai kauri, kamar dai kaɗanyarmu, wuta ta wuce ta bar shi. Ƙananan bishiyoyi masu siririn ɓawo su ne ke ƙonewa.

Sai Turawa suka iso. Da yarjejeniyoyin 1829 da 1832 da 1837 gwamnatin Amurka ta raba Ho-Chunk da ƙasarsu, aka tura su hayin kogin ta yamma, duk da cewa da yawansu sun yi ta komowa. Baƙin manoma suka kafa gonaki da shinge, wuta ta zama abokiyar gaba. Cikin 'yan shekaru saiwoyin oak da wuta ke dannewa suka yi sama gaba ɗaya, fili ya rufe.

Nan fa abin mamakin yake. Ɗan oak ba ya girma a inuwa, ko da ta uwarsa ce. Wanda ke jure inuwa shi ne mepul, bishiyar nan da ganyenta ke jikin tutar Kanada. Shi ya sa yau za ka ga tsofaffin oak a sama, a ƙasa kuwa 'ya'yan mepul ne ke jiran gado, furannin da ke son rana sun ja da baya.

Ta yaya aka san yadda wurin yake a da? Masu awon ƙasa na gwamnati a ƙarni na 19 sun riƙa rubuta sunan bishiyoyin da ke kusa da kowace alamar iyaka, da nisansu. Masanin tsirrai John Curtis ya yi amfani da irin waɗannan bayanai a littafinsa na 1959, ya ƙiyasta cewa filayen oak sun kai eka miliyan 5.5 a Wiskonsin. Abin da ya rage yanzu 'yan ɗaruruwan eka ne.

Yau ma'aikatan gandun daji a jihar kan saka rigar kariya a farkon bazara, su hau tuddan nan su kunna wutar da kansu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.