Kobo Biyu: Yadda Wa'adin Daina Ƙona Iskar Gas Ya Yi Ta Gusawa

Tun da Najeriya ta fara fitar da ɗanyen mai daga Oloibiri a 1958, iskar gas da ke fitowa tare da shi ta zame wa kamfanoni ƙarfen ƙafa. Babu bututun kai ta kasuwa, babu mai saye, sai aka riƙa cinna mata wuta dare da rana.

A 1979 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar haramta ƙona ta daga 1 ga Janairu, 1984. Amma dokar ta bar kafa: da izinin minista, kamfani zai ci gaba, ya biya tara. Tarar farko kobo 2 ce kan kowane kubik fit 1,000. Wane ɗan kasuwa ne zai gina tashar tara gas alhali tarar ba ta kai kuɗin goro ba? Wa'adin ya koma 2008, sannan 2020, yanzu 2030. Sai a 2018 aka ɗaga tarar manyan kamfanoni zuwa dala 2.

Rabon Kano a wannan arziki yana rataye ne da bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020 bisa alkawarin shekara biyu. Shi ma wa'adinsa ya sha ɗagawa. Tashoshin lantarki da masana'antu irin na Sharaɗa da Bompai aka tanadar wa gas ɗinsa, ba murhun gida ba. A Rogo Sabon Gari da ƙauyukan Ƙaraye, tuwon yawancin gidaje har yau da itace da karan dawa ake tuƙa shi.