Rijiyar Gwamnati, Rijiyar Kowa: Ruwa da Rikici a Yankin Makiyaya na Nijar

A arewacin Tawa, da Dakoro, da Tanut, har zuwa Difa, inda damina ba ta cika wuce wata uku ba, ciyawa ba ta da amfani da rani sai in akwai ruwa kusa da ita. Saniya ba ta iya yin nisa da mashaya fiye da tafiyar da za ta je ta komo kafin ƙishirwa ta kayar da ita. Saboda haka wanda ya riƙe rijiya shi ne ya riƙe makiyayar da ke kewaye da ita, ko da bai kafa shinge ko ɗaya ba.

Makiyaya sun daɗe da sanin wannan, kuma a kansa suka gina tsarinsu. Rijiyar gargajiya, wadda ake ɗaure bakinta da itace, ana jan ruwanta da wasaki, ruwanta kaɗan ne. Ƙarancin nan shi ke ƙayyade yawan bisashen da za su zauna a wurin. Zuriyar da ta haƙa rijiya ita ke da haƙƙin fara shayarwa. Amma ba a hana baƙo ruwa. Sai dai ya yi sallama, ya nemi izini, a yanke masa kwanakin da zai yi da lokacin da zai kawo garkensa bakin kwami. Mai rijiya kuwa ya san wata shekara fari zai iya kora shi ƙasar wannan baƙo. Wato kowace shayarwa shawara ce, kuma bashi ne.

Tun a shekarun 1950 Turawan mulkin mallaka suka soma haƙa rijiyoyin siminti da na burtsatse a wannan yanki. Bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta ci gaba da aikin da ƙarfinta. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wata dokar da ta biyo ta ta mai da abin da ke bayan iyakar yankin zamanantar da kiwo, sannan a 1963 aka kafa ma'aikatar OFEDES don kula da rijiyoyi da tashoshin fanfo. Niyya kyakkyawa ce: a sauƙaƙa wa makiyayi wahalar ja, a buɗe makiyayun da rashin ruwa ya hana shiga. An auna zurfin ruwa, an ƙirga shanu. Abin da ba a tambaya ba shi ne: su wa ke nan tun da, kuma wane haƙƙi gare su?

Rijiyar gwamnati ta kowa ce, ba mai neman izinin kowa. Garkuna suka riƙa kwararowa daga nesa, ciyawar da a da take kai mutane ƙarshen rani ta ƙare tun da sauran watanni, masu ƙasa suka zama kamar baƙi a mazauninsu. Masanin labarin ƙasa Edmond Bernus, wanda ya daɗe cikin Abzinawan Azawak, ya nuna yadda abin ya kai har wasu makiyaya suka roƙi hukuma ta rufe tashar fanfon da aka kafa musu. Mutanen da ke zaune a bakin hamada suna roƙon a rufe musu ruwa! Wannan kaɗai ya isa ya sa masu tsara ayyuka su tsaya su yi tunani, amma sai da farin 1973 da na 1984 suka wuce kafin maganar ta samu masu saurare.

A jihar Difa ne lamarin ya fi muni. Bayan 1984 Fulani sun yi hasarar shanu masu yawa, Tubawa da Larabawa masu raƙuma suka ƙaru a makiyayun kudu, makamai kuma suka shigo ta dalilin yaƙe-yaƙen Cadi. A shekarun 1990, lokacin tawayen Tubawa da ƙungiyoyin tsaron kai da suka tashi a gabansa, rijiyar siminti ta zama ta mai ƙarfi. Brigitte Thébaud, wadda ta yi bincike a yankin, ta bayyana yadda rijiyar da ba ta da mai ita a doka takan faɗa hannun wanda ya fi bindiga.

Gyara ya zo a hankali. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya amince cewa makiyayi yana da haƙƙin fifiko a mazauninsa na asali, ba tare da ya hana wasu shiga ba, ya kuma tanadi hukumomin kula da filaye da ake kira COFO. A shekarun 2000 ƙungiyar CARE ta gudanar da shirin rijiyoyin zaman lafiya a Difa, inda aka juya tsarin aiki: kafin a sa diga a ƙasa, sai an bi rugage da zanguna an gano waɗanda ke zaune, da masu wucewa da rani, da tsofaffin husumomi, da wanda zai ci riba in an haƙa a nan maimakon can. Bayan haka ake zama a ƙulla yarjejeniya kan wurin rijiya da jerin shayarwa, sarakuna da hukuma su shaida. Wannan shi ne abin da masu agaji ke kira nazarin rikici. Yana cin watanni, masu ba da kuɗi kuwa ba su cika son jira ba, domin rijiya tana shiga hoto, shawara ba ta shiga.

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne, ta kuma hana wani ya mallake makiyaya shi kaɗai. Duk da haka wata matsala ta riga ta kunno kai: attajirai masu manyan garkuna suna samun izinin haƙa rijiyoyin kansu a yankin makiyaya, suna sayar da ruwan ko su hana, ciyawar da doka ta ce ta kowa ce ta koma hannunsu ta bakin rijiya.