Labaran ban tsoro da na al'ajabi a adabin Hausa: Tushensu, kasuwarsu da abin karantawa

Ko da yake an fi sanin ƙagaggun littattafan Hausa na zamani da labaran soyayya da na zaman aure, akwai wani ɓangare da ya girme su a rubuce, wato labaran aljanu da dodanni da mayu da tafiye-tafiye zuwa duniyar da ido bai taɓa gani ba.

Matashin da ke son rubuta irin waɗannan labarai a yau, ko a Kano yake ko a garuruwan kudancin jihar Jigawa kamar Sundimina da Birnin Kudu da Gwaram, ba ya fama da ƙarancin abin rubutawa. Babbar matsalarsa dai ita ce yadda zai kai labarin ga masu karatu, ya kuma samu ladan wahalarsa, domin kasuwar da ta raya magabatansa ta sauya baki ɗaya.

Rabe-raben fannin

Akan raba waɗannan labarai gida uku. Na farko su ne labaran ban tsoro, waɗanda manufarsu ita ce tayar da tsigar jikin mai karatu, ta hanyar fatalwa ko maye ko gidan da aljanu suka mamaye.

Na biyu su ne labaran al'ajabi, inda akan ƙago ƙasashe da sarakuna da tsafe-tsafe. A nan ne waɗanda makaranta ke kira littattafan yaƙi suka faɗo.

Na uku kuwa su ne ƙagaggun labaran kimiyya, masu hasashen abin da ka iya faruwa idan ilimin ɗan Adam ya ci gaba, ko kuma ya kauce hanya. Wannan kashi shi ne mafi ƙaranci a Hausa.

Yadda aka faro

A shekarar 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko. Biyu daga cikin waɗanda suka yi fice labaran al'ajabi ne.

A cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tauraron labarin ya bazama neman wani ruwa mai warkarwa, wanda bai kai gare shi ba sai da taimakon aljanu. Shi kuwa Ganɗoki na Bello Kagara ya fara ne da yaƙin Turawa, kafin ya tsallaka da mai karatu zuwa ƙasashen aljanu.

Daga baya Imam ya fitar da Magana Jari Ce mai juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, inda ya ɗauko labarai daga Gabas da Turai ya sanya musu rigar Hausa. Haka shi ma Ahmadu Ingawa ya yi a Iliya Ɗan Mai Ƙarfi, wanda asalinsa labarin wani gwarzon ƙasar Rasha ne mai suna Ilya Muromets.

A 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da aka tafi da shi sararin samaniya. Manazarta na kallon wannan littafi a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a harshen Hausa, kuma ya fito ne a shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, fannin ya sake samun masu raya shi. Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna a littattafan yaƙi, yayin da aka san Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro da labaran da ke cike da tsoro da abubuwan ɓoye.

Abin da ke ƙofar gida

Marubucin da ke zaune a yankin Birnin Kudu yana kusa da ɗaya daga cikin wuraren tarihi mafiya ban mamaki a arewacin Najeriya. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu akwai zane-zanen dabbobi da mutanen da suka yi a jikin duwatsu.

Masanin kayan tarihi ɗan ƙasar Ingila, Bernard Fagg, ya yi nazarin wuraren a shekarun 1950, ya kuma bayyana wa duniya su. Daga cikin abin da aka zana akwai shanu marasa tozo, saɓanin waɗanda Fulani ke kiwo a yankin a yanzu. Kazalika akwai duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga su.

Tambayoyin da wurin ke tayarwa, na su wane ne suka yi zanen, ina suka tafi, kuma me ake sanarwa da amon duwatsun, sun isa su zama ginshiƙin littafi guda. Haka nan tarihin Kano ya adana labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, Daura kuma na da na macijiyar rijiyar Kusugu.

Tatsuniya ita ma rumbu ce. Ban da Gizo da Ƙoƙi da Dodo, al'adar baka ta tanadi Jangare, birnin iskoki a wajen 'yan bori, da bishiyoyin kuka da tsamiya da ake ɗauka a matsayin mazaunin aljanu, da kurwar da ake cewa maye na kamawa, da layar zana da baduhu da sagau. Tsofaffin da suka san waɗannan labarai suna raguwa, don haka marubucin da ya zauna da su ya naɗi muryoyinsu a waya ya yi aiki biyu, ya samu abin rubutu, ya kuma adana tarihi.

Littattafan da ya kamata a nema

A tsakanin 1911 da 1913 wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, kuma malamai Hausawa ne suka rubuta masa akasarin labaran da ajami. A 1913 R. S. Rattray ya fitar da nasa kundin, sannan a 1914 A. J. N. Tremearne ya wallafa The Ban of the Bori. Wajibi ne a karanta waɗannan da lura, saboda an rubuta su ne da idon Turawan wancan zamani.

Daga cikin 'yan gida akwai jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, da littafinsa Hausa a Rubuce na 1988, wanda ya bi diddigin tarihin rubuce-rubucen Hausa. Akwai kuma fassarar Dare Dubu da Ɗaya, wadda tasirinta ya bayyana a kusan dukkan littattafan yaƙi.

Wanda ya yi karatun Larabci na da ƙarin hanya. Malam Badruddin al-Shibli, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya tattara abin da malamai suka faɗa game da aljanu a littafinsa Akamul Marjan, daga baya kuma Imam Suyuɗi ya taƙaita shi. A wannan zamani likitan nan ɗan Masar, Ahmed Khaled Tawfik, wanda ya rasu a 2018, ya nuna yadda za a rubuta labaran ban tsoro ga matasa a cikin al'ummar Musulmi. Shi kuma Ahmed Saadawi na Iraƙi ya lashe babbar kyautar ƙagaggun labaran Larabci a 2014 da labarin wata halitta da aka harhaɗa daga sassan jikin waɗanda bama-bamai suka kashe a Bagadaza.

A kudancin Najeriya D. O. Fagunwa ya buɗe wannan fage da Yarabanci a 1938, Amos Tutuola ya biyo baya da Turanci a 1952. Daga arewa, labarin The Whispering Trees na Abubakar Adam Ibrahim ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013.

Ana iya neman tsofaffin littattafan a ɗakunan karatu na Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kuma Gidan Arewa a Kaduna. Wasu daga cikin na zamanin Turawa kuma suna nan kyauta a intanet.

Kasuwar da ta shuɗe

A farko hukuma ce ke buga littattafai, daga Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, zuwa hukumar NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC na Zariya daga 1966. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu.

Tsarin dai shi ne a raba labari kashi biyu ko uku, a buga a ƙananan maɗaba'u, a kai wa dillalai a Bata da kasuwar Sabon Gari a Kano. Daga nan littattafan ke bin motocin haya zuwa garuruwa irin su Birnin Kudu, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda masu shaguna ke sayarwa ko bayar da haya. Gidajen rediyo da ke karanta littattafan su ne suka zama babbar hanyar talla.

Wannan kasuwa ta fuskanci matsin lamba daga hukuma. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta jihar Kano ta ƙona wasu littattafai a bainar jama'a, daga bisani kuma Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita. Sai dai abin da ya fi durƙusar da kasuwar shi ne tsadar takarda da yaɗuwar wayoyin hannu a shekarun 2010, lamarin da ya sa marubuta da dama suka koma rubuta labaran fina-finai.

Kasuwar yau

Yanzu akasarin ƙagaggun labaran Hausa a waya ake karanta su, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad da manhajoji irin su ArewaBooks. Abin da aka saba yi shi ne marubuci ya saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai ya sanya kuɗi ga mai son ci gaba. Akwai kuma tashoshin YouTube da ke karanta littattafai, kuma labaran ban tsoro sun dace da wannan hanya, tunda tun asali da dare ake jin su daga bakin mai ba da tatsuniya.

Amfanin wannan sauyi shi ne marubucin Gwaram ba ya buƙatar zuwa Kano kafin a karanta shi a Maraɗi ko Kumasi ko Jidda. Illarsa kuwa ita ce satar fasaha, domin mutum guda na iya saye ya rarraba wa ɗaruruwa. Dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023 ta shafi ayyukan da ke intanet, amma bin kadin haƙƙi na da wuya ga wanda ba shi da ƙungiya a bayansa, kamar Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981.

Rufe dandalin sayar da littattafai na OkadaBooks da aka yi a ƙarshen 2023 ya kuma nuna haɗarin dogaro da kafa guda, da muhimmancin marubuci ya riƙe kwafin aikinsa a hannunsa.

Ta fuskar gasa, Sashen Hausa na BBC ya ƙaddamar da Hikayata domin mata a 2016, jaridar Aminiya ma ta shirya gasar gajerun labarai, haka nan Cibiyar Gusau da ke Kaduna. Babu ɗaya daga cikinsu da aka keɓe wa labaran ban tsoro ko na kimiyya, don haka sai marubuci ya duba ƙa'idojin kowacce kafin ya aika.

Kasuwar waje

Ga mai iya rubutu da Turanci, ko mai samun wanda zai fassara masa, akwai mujallar Omenana da Mazi Nwonwu da Chinelo Onwualu suka kafa a intanet a 2014 domin irin waɗannan labarai. A 2016 aka kafa ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Afirka, wadda ta fara bayar da kyautar Nommo a 2017.

'Yan asalin Najeriya sun yi fice a nan. Nnedi Okorafor ta lashe kyaututtukan Hugo da Nebula a 2016 da littafinta Binti, kuma a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070 ta gina wani littafin nata, The Shadow Speaker. Tade Thompson ya karɓi kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, ita kuma Nuzo Onoh ƙungiyar marubuta labaran ban tsoro da ke Amurka ta karrama ta a 2023.

Yawancin waɗannan marubuta daga al'adun Ibo da Yarabawa suke ɗebo labaransu. Duniyar aljanun ƙasar Hausa ba ta samu irin wannan wakilci ba tukuna, kuma ƙarancin fassara daga Hausa na daga cikin dalilai.

Inda ake taka-tsantsan

Marubucin Hausa yana rubuta wa mutanen da suka yi imani da samuwar aljanu, domin Alƙur'ani ya tabbatar da ita, har akwai sura ta 72 mai ɗauke da sunansu. Wannan na ƙara wa labarinsa ƙarfi, yana kuma ɗora masa nauyi. Makaranta ba sa lamuntar labarin da ya nuna boka ko aljani ya san gaibu, ko ya ɗaukaka tsafi a kan ikon Allah, shi ya sa a yawancin littattafan addu'a ce ke yin galaba a ƙarshe.

Batun maita ya fi kowanne haɗari. A sassan Najeriya daban-daban an sha dukan mutane, har da kisa, bisa zargin maita, kuma tsofaffin mata marasa galihu ne abin ya fi shafa. Dokokin hukunta laifuka na ƙasar sun haramta jifan wani da wannan zargi.

Saboda haka labarin da ya siffanta wata tsohuwa ko wani gida ta yadda mutanen ƙauye za su gane wanda ake nufi na iya jawo ɓarnar da marubucin bai yi niyya ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce sauya sunayen mutane da na unguwanni, ko ƙago gari baki ɗaya, kamar yadda Abubakar Imam ya yi a yawancin labaransa, musamman a yanzu da labari kan isa wayoyin maƙwabtan marubuci a daren da ya sake shi.