Ciwon da Likitoci Suka Kasa Haɗa Baki a Kansa

A shekarar 1988 Farfesa Gerald Reaven na Jami'ar Stanford, Amurka, ya ce hawan jini da yawan sukari da kitsen jini tushensu ɗaya: jiki ya daina jin sinadarin insulin. Daga nan ƙungiyoyin likitoci suka dinga fito da ma'auni, kowa da nasa, har da awon ƙugu. A 2005 ƙungiyoyin ciwon sukari na Amurka da Turai suka yi tababar ko ciwo guda ne. Reaven kansa bai ga amfanin laƙaba wa majinyaci sunan ba.

Ni kuwa, 'yan'uwa ɗalibai, awon ƙugun nan ya fi damuna. Santimita 94 ga maza, 80 ga mata, na Turawa ne. A shekarar aka ara wa 'yan Afirka, don ba a tattara namu ba.