Littafin Rajista da Mai Suna: Tarihin Sauya Suna da Jinsi a Takardun Birtaniya da Jamus

Duk wanda ya saba duba jaridun Nijeriya ya san shafin nan na sanarwar canjin suna, inda mutum kan je kotu ya yi rantsuwa, sa'an nan ya buga wa duniya cewa daga yau ga sunan da za a riƙa kiransa da shi. Wannan hanya gado ce daga dokar Ingila, inda tun da daɗewa ake ɗaukar suna a matsayin mallakar mai shi, ya sauya lokacin da ya ga dama muddin ba da niyyar zamba ba. Amma a takardar shaidar haihuwa akwai wani ɗan gurbi kusa da na suna, watau gurbin jinsi, wanda tarihinsa ya sha bamban ƙwarai. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda Birtaniya da Jamus suka yi fama da buƙatar mutanen da aka rubuta su maza ranar haihuwa amma suke rayuwa a matsayin mata, ko kuwa akasin haka, su ne ake kira masu sauya jinsi. Tambayar da ke ƙarƙashin dukkan shari'un ita ce: shin littafin rajista labarin ranar haihuwa ne, ko kuwa shaidar wanda ke riƙe da takardar a yau?

Akwai wata matsala ta harshe da ya kamata a kawar tun da wuri. Hausa ba ta barin mai magana ya tsaya tsakiya, domin ko dai shi ko ita, ko kai ko ke, har cikin aiki sai an ce ya zo ko ta zo. A nan an bi abin da takardun ƙarshe na kowane mutum suka nuna.

An fara rajistar haihuwa ta hukuma a Ingila a shekarar 1837, a Sikotilan kuwa a 1855. Magatakarda yakan rubuta yaro ko yarinya bisa abin da aka faɗa masa, kuma dokar ta ba da damar gyara kuskure. Ta wannan ƙofa ta gyaran kuskure ce mutanen farko suka bi, ba tare da wata doka ta musamman ba. Michael Dillon ya sami gyaran takardarsa zuwa namiji a 1944, Roberta Cowell ta sami nata zuwa mace a 1951. Abin da ake buƙata shi ne shaidar likita, kuma galibi waɗanda suka san likitoci da lauyoyi ne suka ci moriyar abin.

Mafi ban sha'awa a cikinsu shi ne Dokta Ewan Forbes, likita a wani ƙauye na yankin Aberdeen, ɗan gidan sarauta. An rubuta shi mace da aka haife shi a 1912. A 1952 aka sake yi masa rajista a matsayin namiji, ya buga sanarwar sabon sunansa a jaridar yankin, ya kuma yi aure a wannan shekara. Babu wanda ya ɗaga murya sai da gado ya shigo. Wansa ya rasu a 1965, ya bar wata sarauta wadda maza kaɗai ke gadonta, sai wani ɗan uwansu ya ce ai Ewan mace ne, don haka sarautar tasa ce. An saurari ƙarar a asirce a 1967, alƙali ya yanke cewa Forbes mata-maza ne wanda siffofin maza suka rinjaya a jikinsa, Ministan Cikin Gida ya tabbatar masa da sarautar a 1968. Masu ilmin fiƙihu za su ga cewa tambayar ba baƙuwa ba ce gare su, domin malamai sun daɗe da tattauna hukuncin hunsa a babin gado, har Malikawa suka ba wanda al'amarinsa ya rikice rabin kason namiji da rabin kason mace. Sai dai a lura, batun hunsa batun halittar jiki ne, ya bambanta da na mai sauya jinsi, ko da yake a wancan zamani lauyoyi kan cakuɗa su da gangan, tun da ƙofar kuskure ce kaɗai a buɗe. Da yake an rufe takardun shari'ar Forbes shekaru masu yawa, ba ta zama abin kafa hujja ga kowa ba.

Shari'ar da ta zama hujja ita ce ta April Ashley. An haife ta a Liverpool a 1935, aka yi mata tiyata a Kasabalanka a 1960, ta auri Arthur Corbett a Jibraltar a 1963. Da aure ya lalace, sai mijin ya nemi kotu ta ce tun asali ba a yi aure ba, domin amaryar namiji ce. A watan Fabrairu na 1970 Mai Shari'a Ormrod, wanda shi kansa ya yi karatun likita, ya amince da haka. Ya ce a sha'anin aure ana gane jinsi da abubuwa uku kamar yadda suke ranar haihuwa: ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom, da gaɓoɓin da ke samar da ƙwayar haihuwa, da al'aura. Idan ukun suka dace, to babu tiyatar da za ta sauya hukunci. Hukuncin na aure ne kawai, amma ya bazu zuwa sauran fannoni, kuma ofishin rajista ya tsaya a kan cewa littafinsa tarihi ne, ba a gyara tarihi sai in magatakarda ya yi kuskure.

Daga nan aka shiga wani hali mai ban mamaki na shekara 30 da ɗoriya. Mutum na iya sauya sunansa cikin sauƙi, a ba shi fasfo da lasin tuƙi da sabon suna, amma takardar haihuwarsa na nan yadda take, kuma ita doka ke dubawa wajen aure da fansho da gidan yari. Christine Goodwin, wadda ta yi aikin tuƙin bas, misali ce. Asibitin gwamnati ne ya yi mata tiyata, amma gwamnatin ta ce ba za ta karɓi fansho a shekara 60 kamar mata ba sai a 65 kamar maza. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta riga ta kori ƙararraki irin wannan a 1986 da 1990 da 1998, amma a watan Yuli na 2002 ta ba Goodwin gaskiya. Hujjar mai ƙarfi ce: bai dace hukuma ta biya kuɗin tiyata da hannun dama, ta ƙi amincewa da sakamakonta da na hagu ba.

Sakamakon haka shi ne dokar 2004, wadda ta fara aiki a 2005. Ta buƙaci mai nema ya kai shekara 18, ya kawo rahoton likitoci biyu, ya nuna ya yi shekara 2 yana rayuwa a sabon jinsin, ya kuma rantse zai dawwama a kai har mutuwa. Ba ta sharɗanta tiyata ba, abin da ya sa ta yi fice a lokacinta. Dabarar da ke cikinta ita ce ba a goge tsohon rubutu, sai dai a buɗe wani littafi na sirri, daga cikinsa a fitar da sabuwar takardar haihuwa. Watau dokar ba ta amsa tambayar nan ta asali ba, ta raba gardama ne: tarihi ya zauna a ofis, shaida ta tafi aljihu. A 2005 April Ashley ta karɓi tata takardar, shekara 35 bayan hukuncin Ormrod.

A Jamus abin ya faro ne ta ɗaya gefen, domin a can sunan ma ba na mai shi ba ne. Tun daga 1876 ofishin rajista ke riƙe da sunayen mutane a duk faɗin ƙasar, ba a sauya su sai da izini, kuma an daɗe ana tilasta sunan yanka ya nuna jinsi. Kafin Yaƙin Duniya na Farko 'yan sandan Balin sun fara ba wasu mutane takardar izinin sa tufafin ɗaya jinsin, bisa shaidar likita Magnus Hirschfeld, daga baya a zamanin jamhuriyar Weimar aka yarje wa wasu su ɗauki sunaye irin su Alex da Toni, waɗanda maza da mata ke amsawa. Mulkin Nazi ya rushe cibiyar Hirschfeld a 1933.

Suwidin ce ta fara kafa cikakkiyar doka a 1972, Jamus ta Yamma ta bi baya a 1980 bayan wani hukunci na Kotun Tsarin Mulki a 1978. Dokar Jamus ta raba abin gida biyu a fili. Ƙaramar mafita ita ce sauya suna kawai, ta hannun kotu, da rahoton masana biyu. Babbar mafita ita ce sauya gurbin jinsi, kuma farashinta ya yi tsada: sai mutum ba shi da aure, sai an yi masa tiyata, sai an tabbatar ba zai taɓa haihuwa ba. Da wuya a kare wannan sharaɗi na ƙarshe, musamman a ƙasar da ta san abin da tilasta hana haihuwa ya jawo a zamanin Nazi. Manufarsa dai ita ce kada littafi ya nuna namiji ya haifi ɗa, watau aka gyara jikin mutum domin rubutu ya zauna daidai. Kotun Tsarin Mulki ta riƙa ɓantarar dokar kaɗan kaɗan: sharaɗin rashin aure ya faɗi a 2008, na tiyata da hana haihuwa a 2011. Suwidin ta soke nata a 2013, daga baya ta biya waɗanda abin ya shafa diyyar kurona 225,000 kowanne.

A 'yan shekarun nan ƙasashen biyu sun raba hanya. Jamus ta bi tafarkin da Ajantina ta buɗe a 2012, inda furucin mutum ya wadatar. Daga 1 ga Nuwamba 2024 mai nema kan sanar da ofishin rajista wata 3 kafin lokaci, ya je ya furta, a sauya suna da jinsi tare, ba likita ba alƙali, kuma ba zai sake sauyawa ba sai bayan shekara guda. Majalisar Sikotilan ta zartar da doka mai kama da wannan a Disamba 2022, gwamnatin Landan ta hana ta aiki a Janairu 2023. Masu adawa, cikinsu har da wasu ƙungiyoyin mata, sun kafa hujja da wuraren da aka keɓe wa mata kamar kurkuku da gidajen fakewa, suna cewa furuci kaɗai bai isa mabuɗinsu ba. Masu goyon baya suka ce takardar haihuwa ba ita ake nunawa a irin waɗannan ƙofofi ba. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ta kai gwamnatin Sikotilan ƙara a kan ma'anar kalmar mace, kuma ranar 16 ga Afrilu 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa a cikin dokar daidaito ta 2010 jinsi na nufin jinsin halitta. Kotun ba ta soke dokar 2004 ba, ta kuma ce kariyar da masu sauya jinsi ke da ita daga wariya tana nan. Mai riƙe da sabuwar takardar haihuwa a Birtaniya zai yi aure da jinsin da ke rubuce a cikinta, a kuma rubuta shi da shi ranar mutuwa, amma a ƙarƙashin dokar 2010 ana lissafa shi da jinsin da magatakarda ya rubuta a tsohon littafi.