Adalcin Shaida da Kuskuren Ido a Kotunan Sakkwato

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, alƙalan birnin ba sa karɓar "na gani da idona" hannu bibbiyu. Littattafan da ke gabansu, Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, sun sa a fara da tazkiya: a nemo waɗanda suka san mai shaida, su tabbatar adali ne. Kafin hukunci kuma a yi izari, alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sukar da zai yi wa shaidun, kamar gaba ko zumunci. Tsarin ya dace da garin wancan zamani. Wanda ya ga ɓarawo a unguwar Kanwuri ko Giɗaɗawa galibi ya san shi, ya san ubansa da ƙofar gidansu, saboda haka ƙarya ce babban abin gudu.

Yau birni ya tumbatsa, abin gudun ya ƙaru. An tare mutum da dare, 'yan fashi bisa babur, fuska naɗe da rawani, tocila a cikin idonsa. Bayan makonni ya ga hoton wani a Facebook, an tsugunar da shi, bindigogi jere a gabansa, sai ya rantse wannan ne. Bai yi ƙarya ba, tazkiya za ta wanke shi tas, amma hoton ya riga ya zauna a gurbin fuskar da ya hanga. Ingila ta ɗanɗana wannan: an ɗaure Adolf Beck a 1896 kan laifin damfara, aka sake samunsa da laifi a 1904, don mata da dama sun nuna shi, alhali ɗan damfarar wani ne daban. A 1976, a shari'ar Turnbull, kotu ta wajabta a binciki nisa da haske da tsawon kallo, da ko akwai sanayya a baya. Kotun Ƙolin Nijeriya ma tana bin wannan ma'auni.

Wasu za su ce ai wannan karatun Nasara ne, ba ruwan kotunan shari'a da suka sake karɓar manyan laifuka bayan shekarar 2000. Ban yarda ba. Ibn Asim ya haɗa adalci da farkawa cikin sharuɗɗan mai shaida, Halil kuma ya ƙi shaidar mai rafkanwa, wato malaman sun san mutumin kirki na iya ruɗewa. Uzurin da ya fi nauyi shi ne na ƙarancin kayan bincike: in an raunana shaidar ido, da me za a kama miyagu? Ba a ce a jefar da ita ba. A rubuta siffar da mutum ya faɗa tun ranar farko, a jera wanda ake zargi cikin masu kama da shi kafin a kai shi gaban 'yan jarida, alƙali kuma ya tambayi haske da nisa kamar yadda yake tambayar gaba. In an ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba, an rufe fayil ke nan, ɗan fashin gaskiya yana nan kan hanyar Illela, kuma babu mai nemansa.