UPE 1976: shekarar da yara suka cika aji kafin a shirya malamai

1/ Duk sanda aka taɓo lalacewar firamare a Arewa, malamai ake fara zagi, wai ba su iya komai ba. To amma wa ya horar da su, kuma ta yaya? Amsar tana cikin tarihi, musamman abin da ya faru a 1976. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara daga Katsina. A 1921 Turawan mulki suka kafa kwalejin horon malamai a can, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a Maris 1922. Shekara 5 ake yi. Sardauna ya yi ta daga 1926 zuwa 1931, Tafawa Ɓalewa daga 1928 zuwa 1933. Dukkansu da alli suka fara aiki.

3/ Horo ne mai kyau, ba musu. Sai dai 'yan kaɗan ake tsamowa daga larduna, maza zalla, da yawansu daga gidajen sarauta. Turawa ba su da niyyar kowane yaro ya shiga boko, don haka malamai kaɗan sun ishe su. Ɗan talakan ƙauye, 'ya mace, makaho da kurma, babu su a lissafin.

4/ A 1974, kuɗin fetur ya shigo, Janar Gowon ya yi shelar cewa za a ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. Wato UPE kenan. A Satumba 1976 Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shirin. Shekara 2 kacal tsakanin alkawari da buɗe aji.

5/ Gwamnati ta shirya wa yara kamar miliyan 2.3 a aji ɗaya. Kusan miliyan 3 suka zo. Ƙidaya ba abin dogaro ba ce a lokacin, takardar haihuwa kuma wa ke da ita? Shi ya sa ake sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne. In ya taɓo, ya isa shiga.

6/ To ina malaman? Sai aka shiga horon gaggawa don samun takardar Grade II. Wanda ya gama firamare ya yi shekara 5, wanda ya gama sakandare bai ci jarrabawa ba ya yi 2, wanda ya ci ya yi 1. Aka bubbuɗe kwalejojin horon malamai ko'ina cikin sauri.

7/ Duk da haka ba su isa ba. Aka riƙa ɗaukar waɗanda ba su taɓa shiga kwalejin horo ba ana ba su aji. Don irinsu aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a 1976, su riƙa karatu daga nesa suna kan aiki.

8/ A yi adalci fa: UPE ta yi rana. Iyayenmu da yawa ba don ita ba da ba su ga ƙofar aji ba. Matsalar ita ce abin da aka yi don gaggawa ya zama ɗabi'a. Farashin fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya fara maƙalewa wata da watanni, ƙwararrun da ke da wata hanya suka gudu.

9/ Daga baya aka ce NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa, aka daina Grade II, kwalejojin da yawa suka koma sakandare. Takarda ta ɗaga, amma ku duba wa ake turawa. A 2023 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi 100. Kun ga saƙon da ake ba matasa ai.

10/ A 2017 gwamnatin Kaduna ta ba malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa daidai ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, ta sallame su. An yi ta musu a kai. Tambayar da ba a tsaya a kanta ba: wace kwaleji ta ba su takarda, wa ya ɗauke su aiki?

11/ Yanzu ga waɗanda aka fi bari a baya. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato, 'yan mishan ne suka buɗe ta a 1953. Gwamnatin tarayya sai a 1977 ta kafa kwalejin horon malaman masu buƙata ta musamman, a garin Oyo. Kwaleji ɗaya, ga ƙasa guda.

12/ Ma'ana tsarin ya rabu biyu. Yaro mai lalura sai makaranta ta daban, irin ta Tudun Maliki a Kano, in iyayensa na kusa kuma akwai gurbi. Malamin firamaren unguwa kuwa ba a koya masa komai kan irin wannan yaron ba, don ba a sa ran zai gan shi.

13/ Kurame a ƙasar Hausa suna da nasu yaren tun da daɗewa, maganar hannu. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi bincike a Kano ta fitar da littafi a kai a 2000. Amma makarantun kurame sun ginu ne kan alamun da aka kawo daga Amurka. Yaro ya zo da yarensa na gida, ya tarar da wani daban.

14/ A 1994 gwamnatoci 92 suka amince a Salamanca ta ƙasar Sifen cewa makarantar kowa ta karɓi kowane yaro. A Janairu 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi wanda aka horar don kula da karatunsu.

15/ Ƙofa ta sake buɗewa kenan, kamar 1976. In ba a shirya malami ba, ga abin da ke faruwa: yarinyar da ba ta ganin allo sosai a kira ta daƙiƙiya, yaron da ba ya ji da kyau a ce taurin kai ne, bulala ta biyo baya. Wata rana ya ƙi zuwa, a ce ba ya son karatu.

16/ Me bincike ke cewa? A 2018 Matthew Kraft da abokan aikinsa biyu suka tattara bincike 60 kan horon da ƙwararre ke shiga aji, ya kalli malami yana koyarwa, su zauna su gyara, ya sake dawowa. Koyarwa ta inganta, sakamakon yara ma haka. Amma sun lura in aka faɗaɗa shirin sosai, amfanin na raguwa.

17/ Wannan gargaɗin ai shi ne labarin UPE. Kuma ya nuna bitar kwana 3 a otal, a raba alawus a watse, ba za ta kai mu ba. An gwada wata hanyar a nan gida: shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato ya koyar da karatu da Hausa, da littafin jagora a hannun malami da masu bibiyarsa har aji.

18/ Don haka in ɗan siyasa ya zo da "ilimi kyauta kuma dole", mu tambaye shi: malamai nawa, wa zai horar da su, wa zai riƙa shiga ajinsu, kuma an koya musu gane yaron da ba ya gani ko ba ya ji?

19/ Masu iyaye 'yan UPE, ku tambaye su yadda ajinsu na farko yake, su nawa ne, wa ya koyar da su. 'Yan kwalejin ilimi kuma ku faɗa mana: kwas nawa kuka yi kan yara masu buƙata ta musamman, kun taɓa gwadawa a aji lokacin koyarwar gwaji? Ina jiranku a ƙasa 👇